Allon da Ba Ya Shiga Jaka

Mu uku ne muke rubuta manhaja a wani shago da ke ƙofar gida a Tsafe. Duk mun haura talatin, duk mun karanta ilimin kwamfuta a jami'a, kuma duk mun dawo gida bayan bautar ƙasa da 'yan shekarun buga-buga a birni. Aikinmu ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Akwai manhajar lissafin kaya da muka yi wa masu kantin magani a Gusau, akwai ta kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa, akwai ta wani dillalin hatsi da ya gaji da littafin bashi, sai kuma kwangilar da kan zo daga Abuja ko Legas ta intanet. Shekara da shekaru kayan aikin kowannenmu ba su wuce laftof mai allon inci 14 ba, da caja, da jakar goyo. Bana muka ce za mu ƙara babban allo, wanda 'yan kasuwa ke kira monita. Shawarar ta ci mana kusan wata uku, kuma ba tsada kaɗai ta ja ta ba.

Wanda bai san sana'ar ba yakan ɗauka buga madannai muke wuni muna yi, kamar masu buga takardu a bakin sakatariya. Gaskiyar ita ce karatu ya fi rubutu yawa nesa ba kusa ba. Kafin mu ƙara layi biyar sai mun karanta ɗari biyu, wasu mu muka rubuta su bara mun manta, wasu kuma wani ne da ba mu taɓa gani ba ya rubuta su a wata ƙasa. A lokaci guda muna bukatar abu uku a gaban ido: rubutun manhajar kansa, da abin da yake haifarwa idan an kunna shi, da saƙon da kwamfuta ke turowa idan wani abu ya karye. Allon laftof ɗaya kawai yake ɗauka da kyau. Sai mutum ya rufe wannan ya buɗe wancan, ya riƙe lamba a ka, ya koma, ya tarar ta zube a hanya. Ka ƙaddara tela ne aka ba shi shadda yadi goma ya yanka babbar riga a kan kujera 'yar tsugunno. Zai iya, amma rabin ƙarfinsa a naɗewa da warwarewa zai ƙare, kuma wata rana almakashi zai bi inda bai kamata ba.

Sai kuma jiki, wanda ya fara magana tun da muka ƙetare talatin. Masana lafiyar aiki sun daɗe suna cewa saman allo ya yi daidai da tsayin ido ko ya ɗan gaza, nisansa kuma kamar tsawon hannu. Laftof ba ta yarda da haka, domin allonta da madannanta a haɗe suke. In ka ɗaga ta don wuya ya huta, kafaɗa ta ɗauka. In ka sauke ta don hannu ya huta, sai ka wuni a sunkuye kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ɗaya daga cikinmu ya fara sa tabarau, ɗaya kuma ba ya iya waiwayawa da kyau bayan la'asar. Sana'ar da muke fata ta ciyar da mu shekara ashirin ko talatin nan gaba, da ido da wuya ake yin ta, kuma babu kasuwar da ake sayar da su.

Da maganar ta fita, shawarar farko daga gida ta zo. Kawun ɗaya daga cikinmu, wanda kan zauna da mu bayan azahar, ya dubi abin da idon mai tattali.

"Ku da ke da talabijin inci talatin da biyu aje cikin ɗaki, mi za ku saye kuma?"

Tambayar tana da ma'ana, don haka muka ɗauko talabijin ɗin muka haɗa a gabansa. Harafi ya fito ƙato, amma gefensa duk ya yi zaƙo-zaƙo, kuma layukan da suka bayyana ba su kai na laftof yawa ba. Kawu ya matso, ya ja baya, ya ce, "Lalle wanga rubutu kamar an yi shi da gawayi."

Dalilin yana cikin abin da inci ke aunawa. Inci na allo daga kusurwa zuwa kusurwa ake gwada shi, kuma faɗin gilashi kawai yake gaya maka. Abin da ke ɗaukar rubutu shi ne ƙananan ɗigon haske da ake kira fiksel, waɗanda kowane harafi da su ake gina shi. Talabijin ɗin Kawu, kamar yawancin masu inci 32 na araha, ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye. In ka raba, kowane inci bai wuce ɗigo 49 ba. Daga ƙarshen ɗaki, ana kallon ƙwallo, babu mai lura. A nisan hannu, ana neman waƙafi ɗaya da ya ɓata cikin layi ɗari uku, azaba ce. Laftof mai inci 14 da ɗigo 1920 sau 1080 tana da kusan 157 a kowane inci, shi ya sa rubutunta yake sumul, sai dai ya yi ƙanƙanta har dole a ƙara masa girma, kuma da an ƙara, fili ya ragu.

Tsakanin waɗannan biyun zaɓin yake. Allo mai inci 24 da ɗigo 1920 sau 1080 yana ba da kusan 92 a inci, rubutu yana karantuwa ba tare da an ƙara masa girma ba, kuma filinsa ya kusan ninka na laftof sau uku. Mai inci 27 da wannan adadin ɗigon dai ya sauka zuwa 82, wato ka biya kuɗin ƙarin gilashi amma ko layi ɗaya ba a ƙara maka ba. In za a je inci 27, sai a nemi mai 2560 sau 1440, wanda ke ba da kusan 109, ya ɗauki shafi biyu kafaɗa da kafaɗa cikin walwala. Daga nan sai manya, masu 3840 sau 2160 da ake kira 4K, waɗanda a inci 32 suke kai 138. Su ne ake gani a bidiyoyin matasan Amurka da Turai masu nuna teburin aikinsu, da fitilu shuɗaye a bayan allo da tukunyar fure a gefe. Ba za mu ɓoye ba, ranmu ya biya.

Masu waɗancan bidiyoyi suna maganar launi, da saurin hoto, da lanƙwasar gilashi. Ba mu taɓa jin ɗaya daga cikinsu ya tambayi wat nawa allon yake ci ba, saboda soket ɗin bangonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Mu kuwa daga nan lissafi yake farawa. Wutar gari baƙuwa ce, in ta zo a yi mata maraba, in ta tafi ba a tambayar yaushe za ta dawo. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta daga kudu. Janareto kuma ya zama na lalura tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000. Abin da ya rage mana shi ne sola: faranti a kan kwano, inbata, da batir.

Batirin ba namu ba ne mu kaɗai. Shagon na jikin gida ne, kuma waya ɗaya ce ta ratsa bango ta shiga ciki, inda take ba da fitila, da cajin wayoyi, da fankoki biyu. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da ƙarfin wat 2,400 na awa guda a takarda, amma irin na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko. Da rana babu damuwa, faranti na cika abin da aka ɗiba. Matsalar dare ce, kuma da dare muke yin aikin da ya fi bukatar natsuwa, daga bayan isha'i zuwa ƙarfe ɗaya, lokacin da gari ya yi sanyi, sabis ya saki.

Allon zamani mai inci 24 yakan ci wat 20 zuwa 25, ƙasa da haka ma in an rage masa haske. Mai inci 32 na 4K yakan kai ninki biyu. Mu ɗauka bambancin wat 25 ne. A awa biyar ya zama 125. Mu uku, ya zama 375. Fankar sola mai cin wat 20, in su biyu ne, wannan adadin zai juya su sama da awa tara, wato tun daga kwanciya har kiran sallar asuba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma bangon siminti ke amayar da shi har tsakar dare, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mahaifiyar mai gidan, wadda dukkanmu muke kira Inna, ba ta bi lissafin ba, amma ta riga mu kai wa ga amsar.

"Ku sayi abin da za ku saye, Allah shi sa albarka. Ni dai kada fankata ta tsaya cikin dare, ga jikoki kwance."

A nan allon inci 32 ya fita daga layi, ba tare da wani ya sake ambatonsa ba.

Ko da wuta ta yarda, da aljihu zai ƙi. Allunan kwamfuta da dala ake shigo da su ƙasar nan. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024, mu kuwa yawancin masu ba mu aiki da naira suke biya, wasu ma sai an yi ta bin su. Don haka idonmu ya koma kan na hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke sallama bayan 'yan shekaru, su biyo kwantena zuwa Legas, daga Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba su hauro Arewa. A Gusau ana samu jefi-jefi, sai dai zaɓin kaɗan ne. Mai son ya ga goma ya zaɓi ɗaya, Kano zai nufa, kasuwar Farm Centre ko shagunan titin Beirut.

Kayan ofis na hannu suna da wata fa'ida da sababbi masu araha ba su da ita. An yi su ne don mutumin da zai wuni a gabansu. Ƙafarsu tana hawa tana sauka, fuskarsu ba ta ƙyalli, don haka hasken ƙofa ba ya mai da su madubi. Da yawansu irin gilashin da ake kira IPS ne, wanda launinsa ba ya dushewa in an kalle shi daga gefe, ba kamar tsohon nau'in TN ba, da sai ka zauna tsakiyarsa cif. Amma na hannu sai da ido, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Muka tura ɗaya daga cikinmu da laftof ɗinsa da wayoyin haɗi, da jerin abin da zai duba. Ya buɗe farin shafi ya nemi baƙin ɗigo da ya mutu. Ya buɗe baƙin shafi ya ga ko haske na tsiyaya ta gefe. Ya bar allon a kunne minti ashirin ya taɓa bayansa, domin tsofaffin da ke amfani da fitilar bututu maimakon LED suna zafi, kuma zafin nan batirinmu ne yake ƙonewa. Ya duba ramukan haɗi. VGA tsohon yayi ne, rubutu ba ya fita tas da shi. HDMI ya wadatar, sai dai na tsofaffin laftof, mai lamba 1.4, ba ya iya tura 4K fiye da hoto 30 a daƙiƙa, linzami ya riƙa jan ƙafa. Ramin USB-C kuma ba kowanne ke fitar da hoto ba, wasu caji da fayil kawai suka sani, kuma a ido duk kamarsu ɗaya.

Ya ce mai shagon da ya fi daɗewa a wurinsa bai gaji da nuna masa wani ƙato mai lanƙwasa ba.

"Malam, ɗauki wannan ka huta. Duk wanda ya shigo ofishinka ya san ya zo wurin manya."

"Alhaji, inda za ni da shi, ba a son a san an zo wurin manya."

Mai shagon ya tambaye shi garin, da ya ji, sai ya mai da ƙaton kan kanta bai ƙara cewa komai ba.

Wannan ce gaɓar da ta fi cin lokacinmu, ita ce kuma ba a rubuta ta a jikin kwali. Duk kayan da zai zo Tsafe daga Kano ko Zariya sai ya biyo hanyar Funtuwa, ya ratsa Sheme da 'Yankara. Wanda zai zo daga Gusau sai ya wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi. Duk mai sauraron labarai ya san sunayen nan, kuma ya san dalilin da ya sa direbobi ke son su wuce su da rana tsaka. Allo mai inci 24, in an cire masa ƙafa aka naɗe shi da bargo, yana zama a kan cinya a cikin mota kamar faifai. Mai inci 32 sai but, ƙarƙashin buhuna, ko saman mota a cikin kwalinsa mai hoto, yana shela tun daga tasha. A garin da ake ɗaukar mutum don kuɗin fansa, kuma ake zargin akwai masu kai rahoton wanda ya samu, babu mai son a ga an sauke masa babban kwali a ƙofar gida. Mun san mutanen da suka sayi mota suka bar ta a Gusau. Mun san waɗanda suka daina sa sabuwar shadda ranar Juma'a.

Ƙarƙashin wannan tsoron akwai wata tambaya da muka daɗe muna kewaye ta. Laftof kayan mai shirin tashi ce. Ka rufe ta, ka cusa a jaka, cikin minti ɗaya duk sana'arka tana bayanka. Mun ga amfanin haka a watan Satumban 2021, da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, mu da ke wajen babban birni muka jira har ƙarshen Nuwamba. Mai rubuta manhaja babu intanet kamar masunci ne a busasshen gulbi. A watannin nan jakar goyo ce ta cece mu. Mukan yi aiki a gida, mu tara, sannan ɗaya ya ɗauki hanya zuwa inda sabis yake ya tura. Abokan sana'armu da dama sun fita a lokacin da niyyar mako biyu, yau suna Kaduna da Abuja, 'ya'yansu sun shiga makaranta a can. Ba mu ga laifinsu ba ko kaɗan.

Babban allo ba ya shiga jaka. Yana son tebur mai ƙarfi, da kujerar da ta dace da shi, da soket na dindindin, da mayafin da za a lulluɓe shi saboda ƙurar hunturu. In dare ya ɓaci, a nan za a bar shi. Sai muka gane cewa wata ukun da muka yi muna jayayya a kan inci da ɗigo, rabinta wata magana ce daban muke yi: shin muna nan, ko kuwa muna jiran ranar tafiya ne? Mutum ba ya dasa mangwaro a gidan da yake shirin bari. Shekara huɗu muna zaune a shagon nan kamar fasinjoji a tasha, babu ko kalanda a bango. Iyayenmu suna nan, gonakinmu suna nan, matanmu 'yan nan ne. Ƙasar nan kuma ba baƙuwar karatu ba ce. 'Yandoto, wadda sarautar Tsafe ke ɗauke da sunanta, garin malamai ce da ta yi suna tun kafin jihadi, ɗalibai na zuwa mata daga nesa. Ba mu ce zama ya fi tafiya daraja ba. Mun dai ga cewa in har za mu zauna, bai kamata mu ci gaba da aiki a sunkuye kamar masu ɓuya ba.

Abin da ya dawo daga Kano, a naɗe cikin barguna, allo uku ne. Biyu masu inci 24, na ofis, masu ƙafar da ke juyawa. Na ukun mai inci 27 ne da ɗigo 2560 sau 1440, wanda ɗaya daga cikinmu ya kafe a kansa tun farko, muka yarda bisa sharaɗi guda: allon rana ne. Ana kunna shi daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da faranti ke cika batir yana zubarwa. Da magariba sai a lulluɓe shi, mai shi ya koma laftof ko ya karɓi aron na wanda ya tashi da wuri. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Masu inci 24 ɗin a tsaye muka juya su, tsawo ya fi faɗi. Rubutun manhaja ƙasa yake gangarawa, ba gefe ba. Al'adar taƙaita layi ga harafi 80 ta samo asali ne daga katin huda na kamfanin IBM na 1928, mai gurbi 80, ta bi ta allunan farko masu ɗaukar harafi 80 a layi 24, har ta iso ƙa'idar rubutun Python da ta ce kada layi ya wuce 79. Katin ya mutu tun kafin a haife mu, amma faɗinsa yana nan a yatsunmu. Saboda haka allo a kwance rabinsa fili ne fari fat. A laftof layi talatin da 'yan kai muke gani. A tsaye, mun kusa casa'in. Aikin da a da sai an gangara sau uku kafin a ga ƙarshensa, yanzu ga kansa ga ƙafarsa a kallo ɗaya. Da Kawu ya shigo ya gan su a jere, dariya ya yi.

"Ashe dai makarantar allo kuka koma. Saura tawada da zuge."

Bai yi kuskure ba. Allon katako ma tsawonsa ya fi faɗinsa, kuma yaro da ƙarami yake farawa, sai karatu ya yi nisa a sassaƙa masa babba.

Wuya ya lafa cikin mako biyu. Ido kuma mun koya masa hutu, duk bayan minti 20 a ɗaga kai a kalli wani abu mai nisa na ɗan lokaci, ko da bishiyar darbejiyar tsallaken titi ce. Waɗannan mun sa ran su. Abin da ya zo daga baya, daga allon rana ya zo.

Sana'a a ƙasar Hausa da kallo ake koyonta. Yaron tela yana tsaye yana ganin yadda ake kama wuyan riga. Yaron makanike yana miƙa sifana yana kallon inda ta shiga. Tamu sana'ar, muddin tana cikin laftof, babu mai ganinta sai mai ita. Daga waje abin da ake gani shi ne magidanci ya sunkuya a kan wani abu yana murmushi ko tsaki, kuɗi kuma na shigowa ba a ga kayan da ya sayar ba. Ba mamaki wasu suka riƙa raɗa cewa ko 'yan damfarar intanet ne. Allon inci 27 yana fuskantar ƙofa, kuma mutum uku na iya tsayawa a gabansa kowa ya karanta. Mai kantin magani ya zo daga Gusau, ya ga jerin kayansa da ranar lalacewar kowanne, ya sa yatsa ya ce a gyara nan. Dattijon unguwa ya leƙo ya ga sunayen ɗalibai da makinsu, ya fita yana gaya wa mutane cewa aikin makaranta yaran nan ke yi. Abin da muka ji tsoron a gani a kwali, da aka gan shi a kunne, sai ya wanke mu.

Sannan yara suka fara tsayawa. Da farko ƙannenmu ne da aka aiko da abinci, sai abokansu. Yanzu akwai huɗu da ke zuwa bayan an tashi makaranta, maza biyu mata biyu, ɗaya daga cikin matan ta gama sakandare tana jiran gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Babu mai laftof a cikinsu. Mukan raba allon biyu, rubutu a hagu, sakamako a dama, mu sa su canza kalma ɗaya su ga abin da ya motsa. Ran nan muna neman abin da ya hana wani shafi buɗewa, mu biyu mun yi shiru muna bin layi, sai yarinyar ta matso daga baya.

"Yaya, wancan bakan da aka buɗe a sama, ban ga inda aka rufe shi ba."

Layi na sittin da wani abu ne. A allon laftof, ko da an ba ta wuri ta tsaya, da farkon bakan da inda ya kamata ya rufe ba za su taɓa haɗuwa a shafi ɗaya ba.

Ga wanda ke Bunguɗu, ko Ƙauran Namoda, ko wani gari irin namu, yake wannan shawara, abin da za mu ce kaɗan ne. Ka fara da batirinka da waɗanda kuke sha tare, kafin ka kalli kasuwa. Ka tambayi adadin ɗigo kafin ka tambayi inci. Inci 24 da 1920 sau 1080 ya ishi mai aiki shi kaɗai, in ka samu mai 1200 a tsaye ma ya fi. Kada ka hau 27 sai da 1440. Ka nemi mai juyawa, mara ƙyalli. In inbatarka ƙarama ce, akwai alluna masu caja a waje kamar ta laftof, waɗanda mai gyaran sola zai iya haɗa su da batir ta na'urar daidaita bolt, a huta da asarar da inbata ke yi. Ka je da laftof ɗinka ka gwada a gaban mai kaya. Ka bar kwalin a can.

Har yanzu jakunkunanmu suna rataye a bayan ƙofa, kuma kowane dare sai mun tura aikin ranar zuwa ma'ajiyar intanet kafin mu rufe shago, saboda ba mu san abin da gobe za ta zo da shi ba. Labarin hanya bai canza ba, kuma allo bai kare kowa daga komai. Amma makon jiya mun kira kafinta ya auna bango. Tebur muke so mai tsawo, wanda zai ɗauki mutum shida, da benci a gabansa daidai tsayin yara.